Mai Hawan Ma Ɗan Wani Ne

Jama'a, duk gabatowar damina za ka ga samari bisa mangwaro da dalbejiya, daga Aboabo har Asawase, suna rage rassa. Mu ke sa su aikin. Mukan ja ciniki, amma ba ma tambayar igiyar ɗaura ƙugu. Reshen mangwaro gautsi gare shi, jiƙaƙƙen ɓawo kuwa santsi. In yaro ya faɗo, sai mu ce tsautsayi ne.

To, mu ba su igiya, mu hana hawa bayan ruwa ko kusa da wayar lantarki. Wanda ya faɗo, kada a zaunar da shi. A kwantar da shi bisa ƙyaure, a riƙe wuyansa, sai asibitin Komfo Anokye. Laka in ta tsinke, maɗori ba ya ɗora ta. Allah Ya kiyaye.