Lambar Girma Ba Ta Haƙa Rijiya

Tun daga 1964 Nijeriya take da dokar ba da lambobin girma irin su MON da OON. Yau kuwa ƙungiyoyi da coci-coci ma sun shiga rabon lambobin yabo, har ta kai wani Kirista ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun yakan kashe guminsa na shekara domin a kira sunansa a taro.

Addinin Kirista bai hana girmama wanda ya cancanta ba, Wasiƙar Romawa sura 13 ma ta umarci haka. Amma Matiyu sura 6 ya gargaɗi mai yin alheri domin idon jama'a cewa ladansa ya tsaya ga yabon da ya samu.

Kwantagora ta isa misali. A 1995 aka kafa yankin Katolika na Kwantagora a hannun Fada Timothy Carroll, mutumin Ailan, wanda ya zama bishof a 2002. Aikinsa a ƙauyukan Kambari shi ne rijiyoyi da yaƙi da jahilci. Ya sauka a 2010, aka naɗa Bulus Dauwa Yohanna a 2012, yankin ya zama cikakkiyar dayosis a 2020. Matar da ta huta da tafiyar neman ruwa ba ta tambayi lambar kowa ba.

Saboda haka wanda Allah ya buɗa wa a Kudu, in an ba shi lamba ya karɓa da tawali'u, amma kada ya saya. Kuɗin bikin ya aika gida, a biya wa maraya makaranta, ko a gyara rijiyar ƙauye.