In inji ya kama rawa, a duba inda hannu ya taɓa

'Yan'uwa manoman Damargu, kaka ta yi, motoci na ɗaukar hatsi daga Belbeji da Gangara zuwa kasuwannin Tanut da Bakin Birji. Da yawa cikinmu su ke gyaran motarsu a gida, don gareji na da nisa. Wannan abu ne mai kyau. Amma ga kuskuren da ake yi: mutum ya canza buji, ya tada mota, ya ji inji na rawa kamar zai mutu, sai ya hau murɗa karbireta. Ya ƙara ciwo kan ciwo.

A ganinmu, motar da ke lafiya kafin gyara, laifin na wurin da aka taɓa. Sai a duba abu 3.

Na 1, wayoyin buji. Yawancin injuna masu silinda 4 suna kama wuta bi da bi: 1-3-4-2. In waya biyu sun sauya wuri, dole inji ya yi rawa.

Na 2, ƙananan tiyo na roba. In ɗaya ya cire ko ya tsage, iska na shiga ta ɓarauniyar hanya. Kasa kunne, za ka ji shi yana huci.

Na 3, matatar iska. In ba ta zauna daidai ba, rairayin ƙasarmu zai shiga ya cinye inji.

In duka suna daidai, a kai wa makanike tun ba a ɗora buhu ba. Mutuwar mota a daji da kaya ta fi kuɗin gyara tsada.