Kwamfutar yaro: Home ko Pro, wanne ya cancanci kuɗin adashenki?

Duk shekara idan aka fara fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, magana ɗaya ake yi a gidaje da yawa daga Sifawa zuwa Boɗinga har Shagari: "Inna, an ce sai da kwamfuta." Wata uwar kwasar adashenta za ta bayar, wata tunkiyar da ta daɗe tana kiwo za ta sayar. Sai a hau mota a shiga Sakkwato, mai shago ya ajiye kwamfutoci biyu a kan tebur ya ce: "Hajiya, wannan Home ce, wannan kuma Pro, ta ƙwararru. Ƙara kuɗi kaɗan ki ɗauki babbar."

Kafin ki ƙara ko sisi, ki san abin da ake sayar miki.

Windows manhaja ce ta kamfanin Microsoft, ita ke tafiyar da kwamfutar kamar yadda Android ke tafiyar da wayar da ke hannunki. Home da Pro duk Windows ɗaya ce. Fuskarsu ɗaya, saurinsu ɗaya, kuma duk manhajar da yaro zai yi karatu da ita tana hawa kan kowacce. Pro ba ta sa batir ya daɗe, ba ta ƙara ƙarfin intanet, ba ta hana kwamfuta ɗaukar zafi a watan Afrilu. Kuma ki riƙe wannan da kyau: Word da Excel, waɗanda ɗalibi ke rubuta aikin makaranta da su, ba sa cikin Pro. Kaya ne daban mai lasisinsa daban. Duk wanda ya ce miki sai da Pro ake samun su, ko dai bai sani ba, ko yana neman ƙari a kanki.

To me aka ƙara wa Pro? Kayan aikin ofis ne. Akwai damar haɗa kwamfuta da tsarin ma'aikata, yadda jami'i ɗaya zai riƙa kula da kwamfutoci ɗari daga kujerarsa. Akwai Remote Desktop, wato mutum ya shiga kwamfutarsa ta ofis yana zaune a wani gari. Akwai Hyper-V, mai ba da damar kunna wata kwamfutar ta gwaji a cikin taka. Sai BitLocker, makullin da ke rufe duk bayanan ciki. A farashin Microsoft na Amurka, Windows 11 Home dala 139 ce, Pro kusan dala 200, ɗaga Home zuwa Pro kuma dala 99. Ki duba jerin nan ki tambayi kanki: 'yarki mai karatun aikin jinya ko ɗanki mai shirin JAMB, wanne daga ciki zai taɓa?

Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta. Abin da yaron Sifawa ke bukata shi ne hannunsa ya saba da madannai, idonsa ya saba da karanta tambaya a allo. Home ta ishe shi. Hatta tsarin kula da yara na Family Safety, wanda zai ba ki damar ƙayyade awannin da ƙanana ke yi a gaban allo da toshe shafukan banza, yana aiki a Home kamar yadda yake a Pro. Wanda Pro za ta yi wa rana shi ne mai karatun kimiyyar kwamfuta ko tsaron intanet, da maigidan da wurin aikinsa ya sharɗanta masa ita. Ko su ma ana iya ɗaga musu daga baya, ba tare da an goge komai ba.

Sai dai yawancinmu ba sabuwa muke saya ba, ta hannu ce da aka shigo da ita daga Turai ko Amurka. Irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad asalinsu na ma'aikatu ne, don haka galibi da lasisin Pro ɗinsu suke zuwa, a manne a jikin injin. Idan haka ne, kin samu a sama, babu dalilin biyan wani kuɗi daban don "a sa miki Pro". Amma a nan ne ake bukatar buɗe ido. Wata kwamfutar har yanzu tana ɗaure da ma'aikatar da ta fito, ranar da aka wanke ta aka haɗa da intanet sai ta nemi sunan ma'aikaci da kalmar sirrinsa. Wata kuma Pro ɗin jabu aka cusa mata, bayan 'yan watanni rubutu ya fito a gefen allo yana neman a biya lasisi, wani lokacin ma da ƙwayar cuta a tare.

BitLocker ma wuƙa ce mai kaifi biyu. Idan aka sace kwamfuta a ɗakin kwanan ɗalibai, ɓarawo ba zai ga hotunan 'yarki ba. Amma idan ta kulle bayan wani gyara, sai an shigar da lambobi 48 kafin ta buɗe. Babu lambobin, babu aikin kammala karatu, kuma babu mai gyaran da zai iya fasa ta. Home ma tana da irin wannan makulli a sabbin injuna da yawa. Don haka a rubuta lambobin a takarda, ki adana tare da takardun haihuwa.

Tambayar da ta fi Home ko Pro nauyi a yau ita ce: 10 ce ko 11? Ranar 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ba ta karɓar tsofaffin injuna: a ɓangaren Intel, galibi sai ƙarni na 8 zuwa sama. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 10 Pro da ba za ta iya hawa 11 ba, ko da araha, ba ta kai wadda ta fi ta ƙuruciya mai Windows 11 Home ba. Ramin da ake gina wa mai son babban suna ke nan.

Ranar sayayya, kada a bar shagon sai an yi abu huɗu. A buɗe Settings, a shiga System, a duba About don ganin nau'in Windows da ƙarnin injin. A duba Activation a tabbatar lasisin yana aiki. A haɗa ta da intanet ɗin wayarki a gabanki. Sannan a cire caja a ga yadda batir ke sauka, domin ke kin san halin wutarmu. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar kwamfutar da kwanakin garanti.

Kuɗin da za ki ƙara don sunan Pro, ki zuba shi inda yaro zai ji a jikinsa: RAM mai gigabait 8 maimakon 4, ma'adanar SSD, batir mai lafiya, da jaka mai kare ƙurar hunturu.

Wadda ta riga ta saya, ta faɗa mana a ƙasa irin wadda ta samu da yadda ta kaya da mai shago, 'yan uwa su ƙaru. Allah Ya yi wa zuri'a albarka, sai mako mai zuwa.