Mu hau keke mu san ruwan ƙasarmu

Yara, a ƙasar Faransa akwai wata doguwar hanyar ruwa wadda mutane suka gina da hannu. Sunanta Kanal di Midi. An buɗe ta a shekara ta 1681, tsawonta kilometir 240. A da, jiragen ruwa ne ke ɗaukar kaya a kanta, dawaki suna jan su daga gaɓa. Yau jirgin ƙasa da mota sun karɓe wannan aiki, amma ba a yar da hanyar ba. Turbar da dawaki suka bi, ita ce masu keke suke bi yanzu, ƙungiya-ƙungiya, kwana da kwanaki, suna duban aikin kakanninsu.

A ganina, mu ma ya kamata mu yi haka nan Bune. Lakwal ta shirya tafiyar keke sau ɗaya a shekara, cikin hutun sanyi, mu bi ruwan ƙasarmu.

Wani zai ce: "Ina muka ga ruwa? Ai ko'ina rairayi ne." Mai faɗin haka bai duba da kyau ba. Ruwanmu yana cikin kwari, tsakanin tuddai. Can ba a gina mai zurfi kafin a tarar da shi. Can dabino da goriba da rake da rogo suke. Can ake kwasar kanwa. Kakanninmu sun yi ta labta wa jakuna da takarkarai kanwa da mangul, suna bi daga kwari zuwa kwari har Kano. Wannan ita ce tsohuwar hanyarmu ta ruwa. A shekara ta 1852 wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ta ƙasar Barno, ya bi bakin Komadugu, ya ratsa Bune da Gure, ya isa Damagaram. Ya rubuta abin da ya gani. Baƙo ya zo daga nesa ya san ƙasarmu. Mu ƴan gida fa?

Ga babban dalilina: ruwan nan yana tafiya. A 1963 faɗin tabkin Cadi ya kai murabba'in kilometir 25.000. Bayan farin 1973 da na 1984, abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Nan wajenmu kuma iska tana tura rairayi cikin kwari. In an sare itatuwan kan tudu, dabbobi suka cinye ciyawa, sai tudun ya tashi, ya rufe lambu, ya rufe rijiya. Mushe yana iya rubuta wannan a allo sau goma. Amma yaron da ya ga dabino rairayi ya binne shi har wuya ba zai manta ba. Ba zai cire itacen shingen da aka kafa don tsai da tudu ya kai murhu ba. Gani ya kori ji.

Ina za mu bi? Mu tashi daga Bune, muna yada zango a kwari-kwari, har mu hau gudron a Gidigir. Daga nan mu yi yamma zuwa tabkin Gidimuni, wanda ke tsakanin Gure da Damagaram. Komadugu kuwa, mu dakata tukuna. Tun 2015 yaƙin Boko Haram ya ɓata zaman lafiya a bakinta. Ranar da lafiya ta zauna, sai mu je mu gan ta.

Na san iyaye suna da magana, kuma maganarsu abin saurare ce.

Za su ce keke ba ya tafiya cikin rairayi. Gaskiya ne. Inda ya ƙi, mu sauka mu tura. Mu riƙa tashi da asuba, mu huta da hantsi, kada mu yi tafiyar dare.

Za su ce ba kowa ke da keke ba. Mu ara. Yara biyu su haɗa keke ɗaya: wannan ya hau, wancan ya zauna cikin amalanken da ke bin mu da ruwa da gari da tabarmi, can gaba su musanya. Mu ɗauki famfo da abin faci.

Za su ce ƴan mata su zauna gida. Nan kam ban yarda ba. Wa ya fi su zuwa rijiya? Su ne suka fi sanin wahalar ruwa. Su tafi, tare da malama da wata uwa daga cikin iyaye.

Ku kuma, yara, ku sani wannan ba tsere ba ne. Mai ƙarfi ya jira marar ƙarfi. In tayar mutum ɗaya ta fashe, kowa ya tsaya. Kowane gari muka shiga, mu fara gai da maigari. Kowa ya riƙe kayensa da alƙalami. Ku auna zurfin rijiya da igiya: ga lissafi. Ku tambayi tsofaffi inda ruwa yake tsayawa lokacin ƙuruciyarsu: ga tarihi. Wanda ya ji Barbarci ya fassara wa abokansa. Ku rubuta da Hausa, in mun dawo mu juya da Faransanci.

Ku kai wa iyayenku wannan magana yau da dare. Gobe ku kawo mana amsarsu.

Tambayoyi
1. Me ya sa rairayi ke rufe kwari?
2. Wane kwari ne ya fi kusa da garinku? Me ake nomawa a cikinsa?
3. Kun yarda ƴan mata su yi wannan tafiya? Ku faɗi dalilinku.