Aikatau “Put” da 'Yan Rakiyarsa: Gudummawar da Malamin Hausa Zai Bayar

Gabatarwa

Daga cikin abubuwan da suka fi wahalar da ɗalibin da ya tashi da Hausa a bakinsa wajen koyon Ingilishi akwai yadda aikatau guda yake sauya ma'ana idan wata ƙaramar kalma ta biyo bayansa. Ɗalibi a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu yakan haddace cewa “put” na nufin sa ko ajiye, ya ɗauka magana ta ƙare. Sai ranar jarrabawar WAEC ko NECO ya ci karo da “put off” da “put out” da “put up with”, ya rasa inda zai dosa. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa maganin matsalar yana cikin Hausar da yaron ya zo da ita daga gida, kuma malamin da ya naƙalci nahawun Hausa ya fi kowa dacewa da fito da shi.

Yadda Lamarin Yake a Ingilishi

Kalmomin da ke raka aikatau irin su “on”, “off”, “out”, “up”, “down” da “back”, wasunsu bayanau ne, wasu kuma ƙananan kalmomi ne masu nuna matsayi. Tun a 1755 Samuel Johnson ya ambaci wahalar da irin wannan haɗi ke bai wa baƙon harshe a gabatarwar ƙamusunsa, kuma a 1971 Dwight Bolinger ya rubuta littafi sukutum a kansa. Idan aka lura, haɗin ya kasu gida biyu.

Kashi na farko shi ne wanda ma'anarsa take a fili, domin ƙaramar kalmar alkibla kawai take nunawa. Alal misali, “put down” ajiyewa ƙasa ne, “put back” mayarwa ne, “put in” kuwa sakawa ciki. Kashi na biyu shi ne wanda ba a gane shi ta hanyar fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya: “put off” ɗage abu ne zuwa wani lokaci, “put out” kashe wuta, “put up with” kuma jure wa abin da ba a so. A nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Hasali ma, a Nijeriya an saba cewa “put off the light” da nufin kashe fitila, alhali mai jarrabawa “switch off” ko “put out” yake jira.

Akwai kuma ƙa'idar jeri. Ana iya cewa “put on the shirt” ko “put the shirt on”, amma idan wakilin suna ya maye gurbin suna, dole ya shiga tsakiya: “put it on”. Shi kuwa “put up with” ba a raba shi ko kaɗan.

Abin da Hausa Ta Tanada

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake baƙo ga Bahaushe. Da farko, a dubi aikatau “sa”, wanda shi ne takwaran “put”. Bahaushe yana sa riga, ya sa hannu a takarda, ya sa baki a rikici, ya sa ido a kan dukiyarsa, ya sa rai da samun alheri, iyaye kuma su sa ranar aure. Yaron aji huɗu a Bunguɗu ya san cewa wanda ya sa baki ba ɗaukar bakinsa ya yi ya ɗora a wani wuri ba. Ke nan ya riga ya san cewa aikatau da abokin tafiyarsa sukan haɗu su ba da ma'ana guda. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa Bature ma haka yake yi.

Na biyu, Hausa ma tana haɗa aikatau da bayanau, kamar “ci gaba” da “ja baya” da “sa gaba”. Bugu da ƙari, akan ce “ya sa yaron gaba” ko “ya sa shi gaba”, inda wakilin suna ya faɗa tsakiya, tamkar yadda ya faɗa a “put it on”.

Na uku, aikin da Ingilishi ke yi da ƙananan kalmomi, sau da yawa Hausa da ɗafa-ƙeya take yin sa. A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Giredi na 6, mai ƙarewa da -o, yana nuna aikin ya nufo wajen mai magana: fita da fito, koma da komo, ko kuwa hita da hito a bakin Bazamfare. Giredi na 4, mai ƙarewa da -e, yakan nuna an gama da abu ƙaf: saya da saye, zuba da zube. Wannan ne aikin “up” a cikin “eat up” da “drink up”, wato cinye da shanye. Malamin da ya san giredi zai bayyana wannan a darasi guda.

Sukar da Ake Yi

Wasu malamai suna ganin shigar da Hausa cikin darasin Ingilishi yakan sa yaro ya riƙa fassara a zuci kafin ya buɗe baki. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin harsunan biyu ba su yi daidai kalma da kalma ba, kuma babu giredin da zai kai ɗalibi ga ma'anar “put off”. Sai dai yaron yana fassarar ko an so ko ba a so. Zaɓin da ke gaban malami shi ne ko dai ya bar shi ya fassara “put” daban, “off” daban, ya ɓata, ko kuwa ya koya masa ɗaukar haɗin a dunƙule kamar yadda yake ɗaukar “sa baki”.

Wasu kuma sukan ce wannan ba hurumin malamin Hausa ba ne. Amma wanda ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Gusau ko ta jiha da ke Maru, aka tura shi firamare a ƙauyukan Tsafe, sau da yawa shi kaɗai ke riƙe da aji, kowane darasi nasa ne. Ga shi kuma manufar harshe tana ta sauyawa. Manufar ilimi ta 1977 ta ware wa harshen uwa shekarun farko na firamare, ta 2022 ta tsawaita shi zuwa shekara shida, sannan a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da komawa ga Ingilishi. Kowace manufa aka ɗauka, yaron da Hausa zai shigo aji, kuma sai da kyakkyawan sakamako a Ingilishi zai samu gurbi a jami'a.

Kammalawa

Saboda haka, ya kamata ɗalibi malami ya riƙi abubuwa uku. Ya fara da tambayar yara misalan “sa” daga maganarsu ta yau da kullum kafin ya rubuta “put” a allo. Ya raba haɗin da ma'anarsa take a fili da wanda sai an haddace shi, ya gabatar da na farko kafin na biyu. Sannan kada ya koyar da ko ɗaya a tsirara, sai a cikin cikakkiyar jimla, tare da nuna inda wakilin suna yake zama. Ƙamusun Ingilishi zuwa Hausa na Roxana Ma Newman, wanda ya fito a 1990, zai taimaka masa wajen shirya darasi. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a fagen koyon Ingilishi ɗan garin shi ne harshen da yaro ya sha a nono.