Jirgi Ya Kewaye Mu

Zuwa ga Edita,

Yau zancena na jirgin ƙasa ne. Cikin 1911 hanyarsa ta iso Kano. Mai tasowa daga Ikko ya kan bi Ibadan, ya ƙetare Kwara a Jebba, ya wuce Minna da Kaduna da Zariya, wajen mil 700. Cikin 1930 aka miƙa ta Nguru ta Ringim da Malam Madori, saboda gyaɗa. Cikin 1964 wata ta ratsa Bauchi da Gombe har Maiduguri. Mu na Birnin Kudu da Gwaram aka bar mu tsakiya, sai mota.

Da aka aza harsashin hanyar Kano zuwa Maraɗi cikin 2021, an ambaci reshe zuwa Dutse, ga ta nan kusa. Ina roƙon hukuma ta ƙarasa da shi wajenmu. Wasalam.

Naka,
Akawu, Birnin Kudu