Jita uku, ciko ɗaya, da kuɗin jarrabawa

 A makon nan za mu ɗan kauce wa zancen aji da allo, mu leƙa wani ɗaki a Gyaɗi-Gyaɗi, can bayan titin Court Road, inda wani ƙanenmu ya tara jitocin lantarki har guda uku kafin ya kammala sakandare, ya kuma wayi gari da guda ɗaya rak, wadda ba ita ce yake so ba. Shi ya ba mu izinin ba da labarin, bisa sharaɗin kada mu kama suna. Mun san akwai iyayen da ko sunan jita ba sa son ji, kuma ba muhawarar kiɗa ce ta kawo mu yau ba. Zancen ciniki za mu yi, don abin da ya same shi da jita shi ke samun wasunku da waya ko keke ko tantabara.

Ta farko kyauta ya same ta. Wani kawunsa mai fatauci tsakanin Kano da Maraɗi ne ya zo masa da ita a 2021, a naɗe cikin buhu. Babu sunan kamfani a kanta, fentin ya ɗaɗɗaye, ɗaya daga cikin maɓallan murɗa sauti ya ɓalle an maye gurbinsa da na tsohuwar rediyo. Da ita ya koyi komai. Yakan zauna a soro bayan la'asar da wayar yayarsa, yana kallon yadda makaɗan Agadas ke sarrafa yatsu, har fatar yatsunsa ta yi kanta. Gwaninsa shi ne Mdou Moctar, ɗan Nijar ɗin nan bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, ya kuma naɗi faifansa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008. Ƙanen namu kan ce idan da wayar birki mutum ya fara har ya kai ga zagaya Turai da Amurka, to shi da tasa jitar mai tsirkiya shida cikakku ba shi da abin kuka.

Daga baya ya fara zuwa koyon gyaran waya a kasuwar Farm Centre da ke Tarauni, bayan an tashi daga makaranta da kuma ranakun Asabar. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san kalmar da ta fi yawo a cikinta ita ce suwaf: kawo taka, ka ƙara ciko, ka tafi da wadda ta fi ta. Babu laifi a cikin wannan, sana'a ce, mutane da yawa da ita suke ci da iyalinsu. Amma yaron da ya wuni yana ganin ana musayar waya kamar ana musayar gaisuwa, a hankali sai ya fara ganin komai nasa a matsayin matakala zuwa wani abu.

Da ɗan abin da yake samu ya sayi ta biyu a 2022, ƙirar Squier, ta hannu, a wurin wani makaɗin coci a Sabon Gari, kan naira dubu 45. Squier suna ne da kamfanin Fender ke sa wa jitocinsa masu rangwamen kuɗi tun 1982, kamar yadda kamfanin Gibson yake da Epiphone. Kaya ne mai kyau, ba abin raini ba. Ta uku kuwa wata ja ce mai nauyi da wani abokinsa ya bar masa a madadin bashi. Muna tuna ranar da ya jera su ukun a jikin bango ya kira mu mu gani, yana ta washe baki kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Ana nan sai ya ci karo da hoton wata fara sol a Facebook, an rubuta Fender ɓaro-ɓaro a kanta, ƙirar Stratocaster, irin wadda ya saba gani a hannun manyan makaɗan Sahara. Tun 1954 ake ƙera wannan samfuri, kuma da wuya a sami jitar da aka fi kwaikwayon siffarta a duniya. Mai ita ya ce gaggawa ce ta sa zai rabu da ita. Suka yi waya sau biyu, suka haɗu a bakin titin Zariya da magariba, aka ƙulla: ya ba da tsohuwarsa ta Maraɗi, ya ba da Squier, ya ɗora cikon naira dubu 30. Ba a jona ta da amfilifaya ba, don a bakin titi babu soket. Ya dai kaɗa tsirkiyoyin a bushe, ya ji sun yi ƙara, ya rungume ta ya hau adaidaita.

Dubu talatin ɗin nan daga cikin kuɗin rajistar jarrabawar fita sakandare ya zara, wanda Ummansa ta kwashi adashi ta damƙa masa ya kai makaranta. Lissafinsa shi ne zai sayar da jar ya mayar kafin a rufe rajista.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi bayanin yadda abin yake aiki, don a gane girman kuskuren. Irin wannan jitar lantarki ba ta da kogon ciki da zai amsa sauti kamar garaya ko gurmi. Katako ne curarre. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai wasu 'yan sanduna na maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai, masu sana'ar suna kiransu fikof. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansu, sai ta haifar da ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, shi ne amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi ya fito ta lasifika. Masu karanta kimiyyar fiziks a aji biyu da uku na babbar sakandare sun san wannan, shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831. Ke nan rabin muryar jitar lantarki ba ya fitowa sai an jona ta. Wanda ya saye ta bai jona ba, cinikin biri a sama ya yi.

Da ya isa gida aka kawo wuta ya jona, sai ga gurnani kamar na tsohuwar firij. Fikof ɗaya daga cikin uku bai ma amsa ba. Muka raka shi wurin wani dattijo mai gyaran kayan sauti, ya juya ta sau biyu, ya karta rubutun kan da farce, ya ce: "Yaro, wannan sunan liƙa shi aka yi." Babu lambar kamfani a inda ta kamata ta kasance. Ya ɗaga ta ya rufe ido ɗaya ya hango wuyan daga kai zuwa gindi, kamar kafinta mai duba katako, ya nuna mana yadda ya murɗe. Ya ce wuyan da ya ɗan lanƙwasa ana iya miƙe shi, don akwai sandar ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa ko a sassauta, amma wanda ya murɗe sai dai a sake wani. Ya ƙara mana da wani abu da ba mu sani ba, cewa hunturun Kano abokin gabar katakon da bai bushe da kyau ba ne: iskar takan tsotse danshinsa ya tsuke, har bakin ƙarafan da aka jera a wuyan su fito suna yankar hannu. Lambar wayar mai sayarwa kuwa tun a daren ta daina shiga.

Abin da ya ba mu mamaki shi ne ba farar ce ta fi ƙona masa rai ba, ba kuma Squier ba, duk da ita ce mai kuɗi. Tsohuwar ta Maraɗi yake ta ambato. Ya ce mana: "Yaya, wallahi hannuna ya san ta. Ko a duhu na san inda kowane sauti yake." Wuyanta siriri ne daidai tafin hannunsa, kuma tana da wata 'yar shaƙewa a murya da ya daɗe yana ɗauka aibi ce, sai da ta tafi ya gane ita ce ke sa kiɗansa ya yi kama da na mutanen Agadas. A ranar musayar ko kuɗi ba a yi mata ba, a matsayin gyara aka ɗora ta.

Ba shi ne farau ba, manya ma sun sha wannan. A Ingila an yi wani makaɗi, Peter Green, wanda ya kafa ƙungiyar Fleetwood Mac. Yana da jita ƙirar Gibson Les Paul ta 1959 mai wata irin murya da babu mai irinta, kuma asalin muryar kuskure ne: maganaɗisun fikof ɗaya a juye yake. A farkon shekarun 1970 ya sayar wa wani matashi, Gary Moore, kan kuɗi kaɗan, daidai abin da Moore ya samu da ya sayar da tasa jitar. Moore ya riƙe ta fiye da shekara 30, sannan matsin kuɗi ya sa shi ma ya rabu da ita a 2006. Tun 2014 tana hannun Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica. Irin waɗannan kayan yanzu sun zama dukiya: a 2019 an yi gwanjon baƙar Stratocaster ta David Gilmour a New York kan kusan dala miliyan 4. Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka tara jita hanyar arziki ce. Sunan wanda ya kaɗa ta ake saye a can. Ta ɗan Gyaɗi-Gyaɗi, daga ranar da ya biya kuɗinta take fara faɗuwa.

Mu yi lissafin tare, tun da filin ɗalibai ne. Ya ba da Squier ta dubu 45, ya ba da ciko dubu 30, dubu 75 ke nan, ba a sa tsohuwar a ciki ba. Farar, da ƙyar wani ya karɓe ta kan dubu 18 don ya ciri abin da zai mora a jikinta. Asarar dubu 57 a cikin mako biyu. Ko da kayan na gaske ne, kowace musaya tana da haraji, domin wanda ya karɓi taka sai ya rage mata kuɗi ya bar wa kansa riba, wadda zai ba ka kuma ya sa mata kuɗin kanti. Ka yi haka sau huɗu, ka biya kuɗin sabuwa ba ka taɓa riƙe sabuwa ba. Ga kuma canji: a watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. Jita kayan waje ce, tsirkiyarta ma daga waje take zuwa. Abin da ka sayar kafin lokacin, ba ka isa ka maido da shi da kuɗin da aka ba ka ba.

Wani abin da ya tsaya mana a rai shi ne, maganin wannan yana cikin littafin da da yawanku kuke karantawa a Islamiyya. A babin ciniki na Risala ta Ibn Abi Zaid an yi bayanin cinikin zaɓi, wato a ƙulla ciniki bisa sharaɗin mai saye yana da ɗan lokaci ƙayyadadde na gwada kaya ko yin shawara, in bai gamsu ba ya mayar. An kuma yi maganar mayar da kaya idan aka sami aibin da aka ɓoye. Mukan haddace waɗannan don jarrabawar Islamiyya, mu bar su a can. Da ƙanen namu ya ce a ba shi kwana ɗaya ya jona ta a gida, ko ya ce a haɗu a shagon mai gyara da rana tsaka, da mai kayan ya ƙi, kuma ƙin nan kaɗai ya isa amsa. Kunya ce ta hana shi, kada a ce yaro ne bai san kaya ba. Mu kuma da ya kira ya nuna mana hoton tun kafin ya tafi, cewa muka yi ta yi kyau. Ba mu tambaye shi ina zai samo cikon ba, wannan laifin namu ne.

Maganar kuɗin jarrabawa ba ta ɓoyu ba. Jar ba ta sami mai saye a kan lokaci ba, sha takwas ɗin da ya samu ba ta cike gurbin talatin ba, ranar rufe rajista kuma tana matsowa. Da kansa ya je ya durƙusa gaban Umma ya faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya ce ya fi dukan zafi. Ta ce: "Jita taka ce, ka yi yadda ka ga dama da ita. Amma wannan kuɗin ba naka ba ne, ba kuma nawa ba ne ni kaɗai, zubin mata goma sha biyu ne." Ubangidansa na Farm Centre ne ya ranta masa dubu 12, ya riƙa cira daga ɗan abin da yake ba shi duk Asabar har wata huɗu. Ya rubuta jarrabawar, ya kuma ci.

Tsohuwar kuwa ya bi sawunta. Wani ya ce ya gan ta a wani situdiyo a Zoo Road, ya je ya tarar ba ita ba ce. Wani ya ce an tafi da ita Kaduna. Kawun nasa ya zo hutun Babbar Sallah ya tambaye shi ina jitar, ya ce tana wurin gyara, har yau kuma bai sami bakin gyara wannan maganar ba. Jar ce ta rage masa, mai nauyin nan da bai taɓa so ba. Ya canza mata tsirkiya, mai gyaran ya sassauta mata wuya, ya ce kullum ya riƙa mayar da ita cikin jaka idan hunturu ya kama. Makon jiya da muka bi ta layinsu bayan la'asar mun jiyo shi a soro yana maimaita sautin nan guda da ya fi ƙwarewa a kai, yana tsayawa yana sakewa, don wuyanta ya fi na waccan kauri kuma ɗan yatsansa bai saba kaiwa ba tukuna.

Wanda ya taɓa yin musayar da ta zame masa ciwo, ko ta waya ce ko ta keke, ya rubuto mana, za mu buga wasu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.